Bayan shekara biyu da rabi, Safa ta haifa mini masu launi uku

Assalamu alaikum 'yan uwana masu kiwon kyanwa. Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, kyanwata Safa ta haihu a cikin kwalin da na shimfiɗa mata tsohon bargo a bayan ƙofar ɗakin ajiya, kuma da gari ya waye na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na duba, sai ga abin da na shafe shekara biyu da rabi ina nema. 'Ya'ya biyar ne, maza biyu mata uku. Biyu daga cikin matan masu launi uku ne sosai, fari da baƙi da ja, kowane launi a mazauninsa, irin waɗanda Turawa ke kira kaliko, ta ukun kuwa baƙi da ja ne a cakuɗe ba tare da ko ɗigon fari ba. Na daɗe a durƙushe gaban kwalin nan ina yi wa Allah godiya, kuma har yanzu da nake wannan rubutu farin cikin bai sake ni ba.

Waɗanda muka daɗe muna musayar shawara da su sun san Kwalliya, uwar Safa, wadda ita ce mai launi uku ta farko da na taɓa riƙewa. Tun daga ranar da na same ta na ɗauka cewa tunda ita mai launi uku ce, dole ta haifi irinta, kuma a kan wannan zato na gina komai. Ta haihu sau uku, 'ya'ya 12 ke nan, maza bakwai mata biyar, amma babu ko ɗaya da ta ɗauko ta. Mazan jajaye ne da baƙaƙe. A cikin matan uku baƙaƙe ne masu farin ƙirji, ɗaya ja, ɗaya kuma mai baƙi da ja a cakuɗe. A tsakanin haihuwa ta biyu da ta uku ne takaici ya kai ni ga yin abin da har yau yake ci mini rai: wani mai sayar da dabbobi ya nuna mini ɗan kyanwa mai wata biyu, ya rantse cewa muzuru ne mai launi uku, na biya naira 30,000 ina tunanin na samo wa Kwalliya miji irinta. Ko mako uku ba a yi ba likitan dabbobi ya ɗaga jelarsa sau ɗaya ya ce mini mace ce.

Likitan nan ne ya zaunar da ni ya zana mini lissafin a bayan takardar magani, kuma ina roƙon duk wanda yake wannan nema ya karanta wannan sashe a tsanake. Ƙwayar gadon da ke sa gashin kyanwa ya zama ja ko baƙi tana zaune ne a kan kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, wanda ake kira X. Mace tana da X biyu, namiji kuwa X ɗaya ne da Y. Saboda haka muzuru ko dai ja ne ko baƙi, ba shi da wurin ɗaukar duka biyun, ita kuwa mace tana iya karɓar ja daga ɗaya cikin iyayenta da baƙi daga ɗayan. Tun tana ciki, kowace ƙwayar jikinta takan kashe aikin X ɗaya ta bar ɗaya, ba tare da wani tsari ba, sai wani yanki na fata ya fito da ja wani ya fito da baƙi. Wata masaniya 'yar Ingila mai suna Mary Lyon ce ta bayyana wannan a shekarar 1961, kuma sai a 2025 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka da na Jami'ar Kyushu a Japan suka wallafa ainihin ƙwayar da ke kawo jan, wadda ake kira Arhgap36. Muzuru mai launi uku yana samuwa, amma abin da aka saba faɗa shi ne ɗaya cikin kusan 3,000, kuma yawancinsu suna da X biyu da Y ɗaya ne, ba sa iya haihuwa. Wato ko da mai sayarwar nan ya faɗi gaskiya, da wuya kuɗina su haifa mini komai.

Farin kuwa daga wata ƙwaya dabam yake zuwa, ba ruwansa da X, kuma yawansa ne ke raba jan da baƙin su zama manyan faci masu kyan gani maimakon su cakuɗe. Idan aka haɗa lissafin Kwalliya, rabin 'ya'yanta ne mata, rabin matan ne za su ɗauki ja da baƙi tare, rabin waɗannan ne za su samu fari idan uban ba shi da shi. Ɗaya cikin takwas ke nan. Ashe ba rashin sa'a ce kawai ta dame ni ba, hanyar ce mai tsawo na ɗauka. Gajeriyar hanya tana cikin gidana tun da daɗewa: idan baƙar kyanwa ta haɗu da jan muzuru, duk 'yar da ta haifa sai ta ɗauki baƙi daga uwa da ja daga uba, babu makawa. Safa baƙa ce mai farin ƙirji da fararen ƙafafu, abin da ya sa ma na raɗa mata wannan suna, maƙwabciyata kuma tana da ƙaton jan muzuru mai fari a cikinsa da haɓarsa.

Sanin lissafin bai kawo ƙarshen wahalar ba, domin a nan ne matsalar da ta fi ba ni ciwon kai ta fara. Kyanwa ɗaya tana iya ɗaukar ciki ɗaya daga muzurai da yawa, kuma shaidar haka tana cikin littafin da nake rubuta haihuwar Kwalliya, ban lura ba sai daga baya. A haihuwarta ta biyu akwai jar mace da baƙar mace a tare. Jar mace sai da jan uba, baƙar mace sai da baƙin uba, don haka aƙalla muzurai biyu ne suka haifi wannan ciki. A gwajina na farko na kulle Safa da jan muzurun a ɗakin ajiya kwana uku, amma a dare na biyu ta yage ragar sauron taga ta fita, na tarar da ita da asuba a kan katanga da wani baƙin muzuru na unguwa. Bayan wata biyu ta haifi huɗu, matan biyu baƙaƙe wuluk. Ranar ban iya cin abincin rana ba saboda ɓacin rai, domin na san sai na ba ta hutun watanni kafin in sake gwadawa.

A karo na biyu ban yi sakaci da komai ba. Na kira kafinta ya sa ragar ƙarfe a tagar, ya toshe ramin da ke ƙasan ƙofa da katako, aikin da ya ci naira 18,000. Na shigar da ita ɗakin tun ranar da ta fara birgima a ƙasa tana wannan kukan neman barbara, na kawo muzurun ya kwana huɗu, bayan an mayar da shi kuma na ci gaba da kulle ta har kwana goma, sai da kukan ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan kwana goman na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin muzuran unguwa sun yi ta zarya a kan katanga kowane dare suna ihu, mutanen gida kuma suna ƙorafin rashin barci. Ta haihu a kwana na 64. Mazan biyu baƙi da fari ne kamar yadda lissafi ya nuna, matan uku kuma duk sun ɗauki jan ubansu.

Ko ɗaya cikin biyun ba ta yi kama da Kwalliya ba, kuma na daina sa ran haka. Ita Kwalliya rabin fuskarta ja ne rabi baƙi, an raba daidai kan karan hanci, babbar jikar kuwa jan yana bayan kunnenta na dama ne da gindin jela, ƙaramar kuma kusan duk bayanta baƙi ne da faci ɗaya ja a kafaɗa. Tunda kashe X ɗin ba shi da tsari, zanen ba ya gaduwa. Kyanwar farko a duniya da masana suka kwafa daga jikin wata kyanwa, wadda aka haifa a Jami'ar Texas A&M a ƙarshen 2001, daga jikin mai launi uku aka ɗauki ƙwayarta, amma ta fito babu ja ko kaɗan a jikinta.

Kwalliya dai an yi mata aikin cire mahaifa tun bara, domin haihuwa uku a jere sun rame da ita ƙwarai, kuma Safa ma wannan ce haihuwarta ta ƙarshe idan ta yaye su. Yanzu hankalina yana kan sanyin hunturu da ƙuma. Jarirai ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu a makonnin farko, don haka nake naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma in ajiye a gefe ɗaya na kwalin, yadda za su iya matsawa idan zafin ya yi musu yawa. Ƙumar kuwa da mataji mai ƙananan haƙora nake cire ta, ina tsoma shi a ruwan sabulu, domin maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa, kamar yadda farasitamol ma yake yi.

Ƙaramar mai facin kafaɗa ce take ba ni damuwa. An haife ta da giram 82, alhali sauran sun haura 95, kuma yayyenta maza suna ture ta daga nonon baya inda ruwan ya fi yawa. Sau uku a rana nake janye mazan na minti goma in ɗora ta da hannuna har ta ƙoshi ta saki da kanta. Da safiyar yau sikelin kicin ya nuna 131, idanunta kuma ba su buɗe ba tukuna.