Wasiƙa daga Ingila zuwa ga masu tambayata yadda na fara aikin famfo na kaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gaida kowa, manya da yara, Allah ya bar zumunci. Tun da na bar aiki a ƙarƙashin wani na fara cin gashin kaina a 2022, saƙonninku ba su yanke ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: yaya ka fara, nawa kayan aiki suka ci, ina kake samun masu kiranka? Amsa ɗaya bayan ɗaya cikin dare ta fara yi mini yawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Zan taɓo batun mota da kayan aiki, amma da takardu zan fara, don su ne suka fi ba ni wahala.

Da sana'ata na zo ƙasar nan, kuma na ɗauka aikin hannuna ya isa shaida. Doka ba ta hana mutum gyaran famfon ruwa don ba shi da takarda ba, sai dai manyan wuraren gini ba sa buɗe maka ƙofa sai ka nuna kati, katin kuwa sai da shaidar ƙwarewa. Haka na zauna na yi NVQ mataki na 2, wato takardar shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasar nan, inda mai dubawa ke zuwa har wurin aiki ya tsaya a kanka yana kallon yadda kake haɗa bututu. Gas kuma babinsa daban. Duk wanda ya taɓa tukunyar ɗumama gida ko murhun gas na wani alhali sunansa ba ya cikin rajistar Gas Safe, ya karya doka, kuma ana iya ɗaure shi. Masu rajistar ma sai sun sake jarrabawa duk bayan shekara 5. Da farko na ga kamar tsanani ne. Da na fahimci cewa tukunyar da aka haɗa ba daidai ba tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, har ta kashe mutanen gida suna barci, sai na daina ƙorafi. Har yau idan aikin gas ya zo, wani abokin sana'a mai rajistar Gas Safe nake turawa.

Sai haraji. Shekarar haraji a nan tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Idan abin da ya shigo maka daga sana'ar kanka ya haura fam 1,000 a cikinta, dole ka yi rajista da hukumar haraji, HMRC, kafin 5 ga Oktoban da ke biyo bayan ƙarewar shekarar ta wuce, a ba ka lamba mai alƙaluma 10. Kai za ka lissafa kanka, ka cike ta intanet, ka biya zuwa 31 ga Janairu. Ka makara da kwana ɗaya wajen cikewa, tarar fam 100 ce. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne biyan farko. Idan harajinka ya wuce fam 1,000, a ranar nan ba na shekarar da ta wuce kaɗai za ka biya ba, har da rabin na shekarar da kake ciki, sauran rabin kuma 31 ga Yuli. Ni na bara kawai na tanada, sai da na ci bashi na cike. Tun daga lokacin, duk kuɗin da ya shigo sai na cire wani kaso na zuba a asusu daban, ba na kallonsa a matsayin nawa.

Haka kuma a aikin farko da na yi wa wani ɗan kwangilar gini, kashi 30 cikin 100 na ladana aka riƙe, saboda ban yi rajistar ƙananan 'yan kwangila ba. Da na yi, da kashi 20 ne. Kuɗin bai ɓata ba, an lissafa mini shi cikin haraji daga baya, amma wata guda na yi ina jin raɗaɗinsa. Rasit kuwa, ko na roba ɗaya ta bakin famfo, ajiye shi ake yi aƙalla shekara 5. Ƙannena masu shirin zuwa karatu, ku sani bizar ɗalibi ba ta yarda a yi sana'ar kai ba sam, kada wani ya ruɗe ku.

Na san a gida maganar baki kan wadatar tsakanin mai gyara da mai gida. Da yanzu zan dawo, littafi zan fara saya kafin sifana. Abin da za a gyara, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, a rubuta kowa ya gani kafin a kwance ko ƙusa ɗaya. Rabin rigimar sana'armu daga nan take tashi.

Sanyi kuma, shi ne maƙiyina kuma shi ne kasuwata. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai bututu ya tsage, amma ba a ganin komai domin ƙanƙarar ta toshe wurin. Ranar da gari ya saki, ranar ake kuka. A tsakiyar Disambar 2022 aka yi kwanaki ana tsananin sanyi, sai ɗumi ya shigo dare ɗaya. Da asuba wata tsohuwa ta kira ni muryarta na rawa. Na tarar ruwa na sauka ta jikin ƙwan fitilar falo, ta jera bokiti da tukwane, tana tsaye cikin rigar sanyi, silifas ɗinta ya jiƙe sharkaf. Na fara kashe wutar gidan. Na tambaye ta inda makullin ruwa yake, ta ce shekara da shekaru tana gidan ba ta taɓa ganinsa ba. Yana nan ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan robobin sabulu, ya cije don daɗewa ba a juya shi ba. Da na hau cikin rufi da tocila, yatsuna ba sa jin komai, sai ga bututun jan ƙarfe mai milimita 15, tsirara babu soson da ake naɗa masa, ya tsage bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Tsagar nan ce ta lalata silin guda. Na faɗa mata kuɗin kafin in yanka, na rubuta mata, na gyara, na naɗe bututun, sannan na kama hannunta na ɗora a kan makullin ta juya da kanta sau biyu.

Daga layinta kaɗai gida huɗu suka kira ni a makon, ita ta ba su lambata. Amsar masu tambayar inda nake samun aiki ke nan. Tun ranar kuma ban ƙara shiga gidan kowa ba tare da inshorar ɓarna ba, don na ga abin da ruwa ke yi cikin awa ɗaya, ina tunanin da a ce haɗina ne ya saki.

Batun mota sai wata wasiƙar, dare ya yi. A taƙaice, tsohuwa na saya, kuma kullum da yamma sai na kwashe kayan aiki na shiga da su ɗaki, domin ɓarayi sun fi sha'awar motar mai gyara. A gaida mutanen gida.