Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Farar Takardar Da Ta Koma Baƙa

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne a inda na dawo Kano daga Ingila a 2006, da digiri na uku a hannu da kuma wani ɗan akwati da na fi ji da shi fiye da jakar kayana, don a cikinsa akwai ƙaramin famfon zuƙar iska, da fakitin takardun tace ƙura, da wata na'ura kamar rediyon hannu mai auna iskar kabon monoksaid. Su kenan jarina. A can inda na yi karatu mota ake ɗorawa a kan wasu manyan rodi masu juyawa cikin ɗakin gwaji, tayoyi na gudu motar na tsaye, a ɗaura bututu a bakin salansa kwamfuta tana karanta duk abin da ya fito. Da na dawo babu wannan ɗaki kuma babu alamar za a yi shi nan kusa, to sai na ce tunda mota ba za ta zo wurina ba bari ni na je wurinta.

Waɗanda suka san Kano ta lokacin sun san abin da nake nufi in na ce zamanin acaɓa. Ka tsaya a Bata ko Ƙofar Nasarawa da la'asar, babura kamar fari, wani shuɗin hayaƙi ya tsaya a iska ba ya tashi sama ba ya sauka, ido na yaji maƙogwaro na ɗaci, kuma kowa ya saba, har mai ƙosai tana nan tana suya a gefe da goyo a bayanta. Yawancin baburan nan irin su Jincheng masu inji bugu biyu ne, wato baƙin mai tare yake ƙonewa da fetur, kuma yadda aka ƙera injin wani kaso na man ba ya ƙonewa ma, haka yake fita ɗanye ta salansa. Ga shi ɗan acaɓa in ya tsaya wurin ɗan bumburutu sai ya ce a ƙara masa baƙin mai sosai wai don inji ya yi sanyi ya daɗe, shi a ganinsa tattali yake yi.

Ranar farko ni da ɗalibaina biyu muka kafa kayanmu a wani shataletale tun ƙarfe 8 na safe. Muka ɗaure famfon a jikin turken fitila daidai tsayin hancin mutum, muka saka takardar tacewa, 'yar zagayayya fara fat ba ta kai tafin hannun yaro ba. Akwai wani dattijo mai ba da hannu a wurin, irin waɗanda ake ce wa yalo fiba, tun da muka zo yake kallonmu, da rana ta yi ya zo inuwa ya sha ruwan leda ya ce "Malam wai me kuke kamawa ne tun safe?" Na ce "Baba, iskar da kake shaƙa muke aunawa." Ya yi dariya ya koma bakin aikinsa.

Ƙarfe 4 na yamma na buɗe murfin na ɗauko takardar da hantsaki. Wallahi ni da na karanta abin nan a littafi shekara da shekaru sai da gabana ya faɗi, ta koma baƙa ƙirin kamar gindin tukunyar da aka ɗora a murhun icce. Baba ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro hankicinsa daga aljihu ya buɗe ya nuna min inda yake share hanci, launin ɗaya ne. Ya ce "Ɗana, kenan haka ƙirjina yake?" Na tsaya ina jujjuya hantsakin a hannu, na kasa ce masa e kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce shekararsa goma sha a kan titi, kuma duk dare sai ciwon kai. Ciwon kan nan na san mafarinsa, kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari amma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau sama da 200. Ita kuma ƙurar, mafi haɗarinta ita ce wadda muke kira PM2.5, gashin kai ya fi ta kauri wajen sau 30, gashin hanci ba ya tare ta, can cikin huhu take sauka har ta ratsa jini.

Daga ranar nan aikin ya daina zama neman ƙarin girma a wurina.

Sai batun motoci, wanda ya fi ba ni takaici. Motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano akasarinsu suna zuwa da wata tukunya a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafa mata ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, aikinta ta juya gubar hayaƙi ta zama mai sauƙi kafin ta fito. A da fetur mai dalma yana kashe ta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001 kuma zuwa farkon 2006 an daina sayar da shi, don haka na zaci yanzu za mu ci moriyarta. Ina auna motoci sai in ga mota mai kyau amma hayaƙinta kamar ta shekarun 1970, na rasa gane dalili. Bakanikena ne ya warware min, ranar da motata ta fara nauyi a hawa, ya leƙa ƙasa ya ce "Yallaɓai indomi ce ta toshe, a fasa a cire kawai, mota za ta saki jiki." Na ce wace indomi kuma, ya kai ni bayan gareji ya nuna min buhu guda na farfasassun saƙar nan, ashe har masu saye ke zagayowa saboda ƙarafan da ke jiki. Na hana shi taɓa tawa, muka gano fulogi ne da zoben fistan da ke barin baƙin mai yana wucewa. Amma gaskiya ban ga laifinsa duka ba, mai mota yana son ya tafi yau, kuma man da muke zubawa ma ba ya barin tukunyar ta yi aiki yadda ya kamata saboda yawan farar wuta. Sai a 2016 da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta mutane suka ji cewa dizal ɗin da doka ta yarda a sayar mana a lokacin zai iya ɗaukar farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakarsu 10.

Na rubuta sakamakon aikinmu na aika wata mujallar bincike a waje, suka dawo da shi, ɗaya daga cikin masu dubawa ya ce awon bakin titi ba abin dogaro ba ne, in nemi ɗakin gwaji. A gida ma akwai wani babba da ya ce min injiniya ba ya tsayuwa a rana da famfo. Abin ya ci min rai ƙwarai, na yi wata biyu ban buɗe akwatin ba, mai ɗakina ce ta dinga cewa "Baban Abba ai dattijon nan yana can yana shaƙa ko sun buga ko ba su buga ba."

Shi ya sa a Satumbar 2015 da labarin Volkswagen ya fashe na kasa barci. Wasu 'yan tsirarun masu bincike ne a Jami'ar West Virginia ta Amurka ƙarƙashin Dan Carder suka ɗora na'urar awo a but ɗin motocin dizal suka hau titi da su, sai ga motar Volkswagen ƙirar Jetta tana fitar da iska mai guba ta naitirojin oksaid ninki 15 zuwa 35 na abin da doka ta yarda, alhali a ɗakin gwaji tsaf take fita. An saka wa motar manhajar da ke gane cewa gwaji ake mata. Kamfanin da bakinsa ya ce motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Washegari na shiga aji da labarin a buge a takarda, na ɗora shi a tebur kusa da baƙar takardata ta shataletale wadda har yau tana cikin ambulan a durowar ofishina.

Kafin nan dai, a Janairun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa, dalilin tsaro ne ba na iska ba, amma na koma shataletalen da famfona don in ga me ya canja. Shuɗin hayaƙin ya ragu sosai, Adaidaita Sahu ta cika gurbin. Na tambayi Baba aka ce ya yi ritaya ya koma garinsu.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin hunturun da muka yi muna ƙoƙarin raba ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi da wadda salansa ke fitarwa, da yadda hazo ya kashe min famfon nan.