Abin da kalmar "cheers" ta koya mini a Ingila

A makon da na fara aiki a ɗakin karatu na wata jami'a a arewacin Ingila, na miƙa wa wani ɗalibi littafin da ya ara, ya karɓa ya ce mini "cheers", ya yi gaba. Raina ya sosu, domin iyakar sanina kalma ce da mashaya ke furtawa idan sun ɗaga kofunan giya, ni kuwa babu abin da ya haɗa ni da wannan. Kafin a tashi aiki ranar na ji ta a bakin malamai da masu shara, da yamma kuma na ji fasinjoji suna faɗa wa direban bas ita yayin sauka.

Sai daga baya na gane cewa a bakin mutanen Birtaniya godiya ce ta yau da kullum, wani lokaci kuma sallama ce, har a ƙarshen saƙon imel tsakanin abokan aiki. Asalinta tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin fuska, wadda ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 13, ta koma nufin yanayin fuskar mutum, sannan fara'a. Ma'anar ɗaga kofi ta biyo baya, ta godiya kuwa ta bazu a Birtaniya ne wajen shekarun 1970, shi ya sa Ba'amurke kan ji ta baƙuwa idan an gode masa da ita.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne sanin gurbinta. Godiya ce mara nauyi, ta wanda ya riƙe maka ƙofa ko ya miƙo maka biro. Wanda ya tsaya maka a kan babban al'amari ya cancanci cikakkiyar godiya, kuma ba a rufe takardar neman aiki ko ta ta'aziyya da ita. Wannan ya tuna mini da "sannu" tamu, wadda ake gaida manomi da ita, a jajanta wa maras lafiya da ita, amma baƙon da ya koye ta a ƙamus ba zai san wa ake faɗa wa ba sai ya zauna da mutane.

Na yi wata uku ina saurare kafin na fara furta ta, kuma har na bar aikin ban taɓa rubuta wa shugabar sashenmu ita ba, duk da cewa da ita take rufe saƙonninta gare ni.