Asabar: bindigar Baba da dutsen guga

Sha ɗaya ta wuce, gida ya yi tsit, tafin hannuna kuma har yanzu warin man linsid, man da ake shafa wa katako, yake yi duk da na wanke da sabulu sau biyu. Na kwanta, barci ya ƙi, shi ne na ce bari in tashi in sauke abin a nan.

Kwana na biyar ke nan a kan bindigar iskar Baba, wadda muka tsinta a bayan sif ɗin Hajiya lokacin gyaran rufi, naɗe cikin tsohon zanen gado. Ta kamfanin Diana ce, samfurin 27, irin wadda ake karyawa a tsakiya a ɗana, a sa ƙwayar dalma guda a rufe. Ranar Laraba da na bi ƙarfen da man keke da soson ƙarfe mai laushi, tsatsa ta sauka, rubutu ya fito. Ƙirar Jamus ta Yamma, ƙasar da tun 1990 ba ta amsa wannan sunan. Can gefe kuma ga 'yan lambobi ƙanana na wata da shekara, shekarar 71. Ta ba ni shekara tara ke nan. Hoton matar nan ta tambarin kamfanin ma ya fito, wadda ta yar da bakanta ta ɗaga bindiga sama. Muna yara aljanar bindiga muke ce mata, Yaya ya taɓa rantse mini da dare tana juya kai, na kusa wata ban yarda na shiga ɗakin Baba ni kaɗai ba.

Yau ranar katako ce, kuma da farin ciki na tashi. Na sha koko, na shimfiɗa tabarma a zaure saboda iskar hunturu, na ɗauko ƙotar. Tsohon banish ɗin ya riga ya tsattsage kamar ƙasan fadama da rani, don haka bai ba ni wahala ba. Da fasasshen gilashi na kankare shi, yadda Malam kafinta ya nuna mini, a kwantar da bakin gilashin a bi tsawon katako, kada a tsallaka shi. Ya kuma ja mini kunne a kan gefen da ƙarfe ke zama, wai in na cinye nan da samfefa, in aka mayar da ƙarfen zai yi tsayi sama da katakon, kuma babu mai mayar da abin da aka goge. Da banish ya tafi sai ga katakon fari fat, irin itacen nan na Turai da suke kira bic, mai 'yan ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar riɗi. Ashe duk jan da muka sani tun muna yara fenti ne. Maman yara ta leƙo ta ce, "To, ka mayar da gadon gidanku muciya." Ban tanka ba, don gaskiya ta yi kama.

Sai maganar wuraren da suka lotsa. Na ƙirga goma sha ɗaya, manya da ƙanana. Dabarar ita ce a jiƙa tsumma a ninka, a ɗora a kan wurin, a danna da dutsen guga mai zafi. Tururin yana shiga jijiyoyin katakon da suka danne, su kumbura su dawo daidai. In buguwa ce kawai yana tashi, in kuwa katakon ya yanke ko ya ɓalle, sai haƙuri. Ba a kawo wuta ba tun jiya, ɗana Auta ya je ya aro mini na gawayi wurin mai wanki, kuma wallahi ya fi na lantarki riƙe zafi.

Da babban na fara, wanda ke gindi ta ɓangaren dama, mai kama da jinjirin wata. Ban tsaya tunani ba, hannuna ne ya tafi can da kansa. Sau shida na danna. Na farko ba abin da ya motsa, na uku ya fara cikowa, na shida na shafa da yatsa na ji sumul. Na yi murna har da kiran Auta ya zo ya gani. Shi kuwa abin da ya dame shi yaushe za a harba.

Samfefa lamba 120 mai kaushi, sai 240 da ta fi ta laushi, na shafa ruwa na bar shi ya bushe don gashin katakon ya miƙe, sannan na kwantar da shi da 400. Ƙura har cikin hanci.

Kayan cikin kuwa suna nan cikin gwangwanin madara tun ranar Alhamis. Sifirin ɗin ya ɗan lanƙwashe amma bai karye ba. Wanda duk zai buɗe irin wannan ya sani, ko ba a ɗana ba sifirin ɗin a matse yake a ciki, in aka zare fil haka kawai murfin baya zai iya tashi ya sami mutum a fuska. Ni da ƙarfen matse katako na Malam kafinta na riƙe shi na sassauta a hankali. Fatar bakin fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, ta bushe ƙamas, kuma duk cikin ya daskare da wani abu kamar ƙaro. Hajiya ce ta warware mini: man gyaɗa Baba yake ɗiga mata duk ranar Juma'a. Allah Ya jiƙan Baba. Gara ma shi da waɗanda suke zuba man inji, don in fistin ya matse iska da ƙarfi zafin da ke tashi yana kunna man, kamar yadda injin dizal ke aiki, sai ka ji ƙara da hayaƙi, fata ta ƙone, sifirin ya wahala. Kunamar wannan samfurin kuma da ƙananan 'ya'yan boris guda uku take kamawa. Biyu ne a gwangwani yanzu. Na ukun ya gangara ɗazu da na zo nuna wa Auta, mun share zauren nan kaf ba mu gan shi ba.

Bayan la'asar na shafa mai na farko. Ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har katakon ya yi ɗumi, a bar shi ɗan lokaci a goge abin da bai sha ba. Yana shan man ya fara komawa ruwan zuma. Ina cikin haka na ji tsayawar mashin ɗin Yaya. Buhun masarar Hajiya ya kawo daga gona.

"Injiniya, sannu da aiki."

"Yawwa Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya?"

Bai amsa ba, idonsa na kan ƙotar. Ya tsuguna ya goge hannu a jikin rigarsa ya ce in miƙo. Na ce da mai a jiki, ya ce ya gani. Ya karɓa ya juya ta, babban yatsansa ya tafi kai tsaye gindi ta ɓangaren dama, ko laluba bai yi ba. Ya shafa. Ya sake shafawa. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake.

"Ina ramin nan?"

Na ce na tayar da shi da dutsen guga. Na fara yi masa bayanin tururi da jijiyar katako, ina ta zuba kamar mai tallar magani a kasuwar Sabon Gari.

"Au, tashi yake yi?" Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ikon Allah. Da mun sani a lokacin ai da mun ari dutsen Hajiya kafin Baba ya dawo. Bulala nawa ma na sha? Bakwai ko takwas?"

Na ce ban tuna ba. Takwas ne.

Ban taɓa rubuta wannan a nan ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba, har Maman yara. Ina shekara tara, Yaya yana sha uku. Shi kaɗai Baba ya yarje wa ya taɓa bindigar, shi ke korar jemagu daga mangwaron gidan, wani lokaci ya samo kurciya biyu Hajiya ta soya mana. Ni ko ƙwayar dalmar ba a ba ni in riƙe. Wata Juma'a kowa ya tafi masallaci, aka bar ni a gida wai ina zazzaɓi. Hajiya na ɗaki. Na lallaɓa na ɗauko ta daga bayan ƙofar Baba, na fita bayan gida zan karya ta in ɗana kamar yadda nake ganin Yaya yana yi. Ƙarfina bai kai ba. Ta suɓuce, gindin ya daki simintin bakin rijiya. Saura ƙiris ma ta faɗa ciki. Na mayar da ita inda take, na koma na ja bargo, zazzaɓin da da na ƙarya-ƙarya ne ya zama na gaske.

Da dare Baba ya gani. Bai tambayi kowa ba, tunda mutum ɗaya ne ke taɓa ta. Ina kwance ina jin saukar dorina ina ƙirgawa. Yaya bai ce ba shi ba ne. Bai ce komai ba, ko kuka sai a ta biyar ya fara. Daga ranar Baba ya hana shi bindigar, kuma ban sake ganin ta a hannunsa ba sai yau. Shekara talatin da wani abu ina ɗauka cewa ya yi shiru ne don ya zaci shi ya buge ta bai lura ba. Haka na tsara wa kaina labarin, kuma ya zauna mini daidai.

Ya miƙo mini ƙotar ya ce aiki ya yi kyau, Baba da ya gani da ya ji daɗi. Ya shiga ya gaida Maman yara, ya sha ruwa, ya tsokani Auta a kan makaranta. Na rako shi waje. Ya hau mashin, ya buga sau biyu bai tashi ba, a na uku ya kama. Sai ya juyo, yana gyara hularsa, cikin ƙarar injin ya ce:

"Simintin bakin rijiyar nan dama ba shi da kirki. Kaifi gare shi."

Ya ce in na haɗa ta in kira shi, shi zai fara harbawa, yana bin ta bashi. Ya ja mashin ya tafi.

Na daɗe tsaye a ƙofar gida. Babu wanda ya san a bakin rijiya ne. Baba bai sani ba, bai ma tambaya ba. Ko dai Yaya ya riga kowa dawowa daga masallaci ya hango ni ta katanga, ko ya ga ɓurɓushin banish a jikin simintin daga baya, ko kuwa fuskata ce ta tona ni a daren. Ko ma wanne ne, yana sane ya kwanta aka zane shi. Yana sane ya kai ni makarantar kwana da akwatina a kansa, yana sane ya karɓa mini aure, ya yi wa Auta huɗuba. Ko sau ɗaya bai goranta mini ba, har lokacin da muka yi zafi a kan rabon gonar nan, da na gaya masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ranar yana da wannan a aljihu bai fito da shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne "da mun sani" ɗin nan. Mun. Ɗazu na ɗauka bakin magana ne kawai. Kuma na rasa gane ko yau ɗin tuni yake yi mini, ko wasa ne, ko dai ganin na shafe wurin ne ya sa ya ga ya kamata in san cewa akwai wanda ya sani. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba. Da ma fushin ya yi, da na san abin da zan ce.

Maman yara ta tambaye ni me ya sa ban ci tuwo sosai ba, na ce ƙurar katako ce ta cika mini ciki.

Na rubuta masa saƙo a WhatsApp sau uku ina gogewa. Na farko ya yi tsawo. Na biyu ya fito kamar raha. Na uku "Yaya ka yafe mini" ne kawai, na ga in ya tashi da asuba ya gani zai ɗauka wani abu ne ya same ni. Ba maganar waya ba ce ma.

Sauran abubuwa. Tsumman man na baza shi a kan igiya a waje, ba a dunƙule shi a jefa a kwana, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Fata sai Litinin in je wurin dukawa a yanko mini mai kauri. Takardar lasisin Baba tana cikin zanen gadon ita ma, ta yi ja ta kakkarye a ninki. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da izinin 'yan sanda ake riƙewa, don haka kafin kowa ya harba komai sai na je na ji yadda ake ciki. A zamanin nan ma wa zai fita ƙofar gida da abu mai siffar bindiga? Yaya da a kafaɗa yake rataya ta har bakin kogi, mutane na yi masa kirari.

Kafin in zauna rubutun nan na haska ƙotar da fitilar waya, tana rataye a ƙusa a zaure. Wurin ya cike, yatsa ba ya jin komai, amma jijiyoyin da suka ji rauni sun fi sauran shan mai, jinjirin watan ya fito siriri, baƙi-baƙi. Da 240 zan iya bin sa gobe kafin mai na biyu. Ban yanke ba tukuna.

Ɗan boris na uku har yanzu shiru. Na yi wa Auta alkawarin naira ɗari biyu in ya samo shi.