Inda na kai a neman jirgi maras matuƙi na hannu

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Na tsayar da shawara, kuma jirgin ya zo hannuna: Mini 2 ne na kamfanin DJI, na hannu, da batir uku, da rimot, da jakarsa. Da yake da yawanku kuna kan wannan gaɓa ta zaɓe, ga yadda na bi har na iso nan, da ɗan abin da na fara koya bayan saye.

Tun farko na cire manyan jiragen kamfanin daga lissafi. Phantom 3 na 2015 da Phantom 4 na 2016 suna nan suna yawo a hannun masu ɗaukar biki, kuma kuɗin da ake faɗa yakan ja hankali. Amma kowannensu ya haura kilo ɗaya, kuma abu mai wannan nauyi da farfela huɗu in ya kuɓuce wa ɗan koyo a kan mutane, magana ce ta asibiti. Ga batirinsu ya tsufa, samun sabo na asali kuma sai an sha wuya. Spark na 2017 ƙarami ne, sai dai minti 16 yake yi a sama ko a takarda. Sai ya rage min dangin Mini, masu nauyin giram 249.

A nan ne na daɗe ina jujjuya magana, tsakanin Mavic Mini na 2019 da Mini 2 na ƙarshen 2020. Masu sayarwa za su ce maka bambancinsu a kyamara yake, wato kaifin hoto, ɗaya 2.7K ɗaya 4K. Haka ne, amma ba shi ya raba min gardama ba, don yawancin abin da za mu ɗauka a waya za a kalle shi. Abin da ya raba min ita shi ne yadda jirgi yake magana da rimot. Mavic Mini da Wi-Fi yake aiki, kuma a cikin gari inda na'urorin intanet suka cika ko'ina, hoton da kake gani a waya yakan tsinke tun jirgin bai yi nisa ba. Mini 2 yana da tsarin OcuSync 2.0, wanda kamfanin ya ce yana kai kilomita 10 a fili. Ni ba nisan nake so ba. So nake idan jirgi yana mita ɗari daga inda nake, hoto ya tsaya cak, don wanda hannunsa bai faɗa ba tsinkewar daƙiƙa biyar ta ishe shi ya rikice. Sannan Mini 2 ya fi jure iska: kusan kilomita 38 a awa, shi kuwa yayansa kusan 29. Duk wanda ya san iskar hunturu ya san wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Ku kula da sunaye, don suna kama da juna har su ruɗar da mutum. Mini SE na 2021 jikin Mini 2 ne da shi, amma cikinsa na Mavic Mini ne, Wi-Fi da 2.7K. Mini 2 SE na 2023 kuwa yana da OcuSync amma ba shi da 4K. Kada ku tsaya ga kwali ko bakin mai kaya. A haɗa jirgin da waya, manhaja za ta rubuta sunansa na gaskiya. Mini 3 Pro na 2022 yana da idanun da ke hango cikas a gaba da baya, abin da Mini 2 ba shi da shi, to amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, kuma gara in fara da abin da idan ya faɗi ba zai raba ni da sha'awar gaba ɗaya ba.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Jikin jirgi yakan yi shekaru garau, batir ne ke mutuwa, kuma batir na asali ba araha ba ne. Lokacin da Mini 2 ya fito, dala 449 ake sayar da shi da batir ɗaya, mai batir uku da gidan caji da jaka kuma dala 599. Saboda haka jirgi mai arha da mataccen batir ɗaya ya fi mai ɗan tsada da lafiyayyun batura uku cin kuɗi a ƙarshe. Wani da na fara dubawa, jikinsa fes kamar ba a taɓa tashinsa ba. Da na zaro batirin sai na ji yana cijewa, sai da na sa ƙarfi. Na ɗora shi a kan gilashin kanta, na danna gefe guda da yatsa, sai ya riƙa rausaya. Ya kumbura ke nan, ko da ido bai gani ba. Mai kayan ya ce a mota yake ajiye shi. A bazarar ƙasarmu, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa ma, cikin mota rufaffiya kashe batir yake yi. Na yi masa godiya na tafi. Batirin da ya kumbura ba a lallaɓa shi, don yana iya yanke wuta jirgi na sama, yana kuma iya kamawa da wuta a caji.

A cikin manhajar DJI Fly akwai shafin bayanan batir. Yana nuna sau nawa aka yi masa cikakken caji, da zafinsa, da ƙarfin kowane ɗaya daga cikin ɗakuna biyu da ke cikinsa. Garantin kamfanin yakan tsaya a caji 200, sai ku ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Amma kada ƙarancin caji ya sa ku saki jiki. Batirin da aka yi wa caji goma aka jefa shi a durowa shekara biyu babu wuta ya fi wanda ake amfani da shi kullum lalacewa. Ku dubi lambobin ɗakunan nan biyu: kamata ya yi su yi kusan daidai, kuma masu gyara kan ce idan tazarar ta kai 0.1 na bolt, a yi hattara. Kowane batir a sa shi a jirgi a duba shi shi kaɗai.

Sai gimbal, wato mariƙin nan da ke daidaita kyamara. Shi ne mafi rauni a jirgin, kuma shi ne ke tona asirin faɗuwa. Da an kunna jirgi zai juya kyamara sama da ƙasa da gefe, sannan ya tsaya daidai. Idan ya yi karkarwa, ko ya tsaya a karkace, ko manhaja ta yi gargaɗin ya yi nauyi, to akwai labari. Na ɗaga jirgin a hannu yana kunne na karkata shi hagu da dama ina kallon waya, hoton bai motsa ba. Daga nan na juya kowane inji da yatsa. Lafiyayye yakan juya sumul da 'yar tirjiya iri ɗaya a duk huɗun. Wanda yashi ya shiga za ka ji ƙaras-ƙaras. Na haska tocila a gindin hannuwa inda suke naɗewa, don a nan tsagewa da alamar gam suke ɓoyewa. Farfela kam ba abin damuwa ba ce, da sukurudireba ake sauya ta.

Abu biyu da ba a jikin jirgi suke ba. Na ɗaya, a sa mai kaya ya cire jirgin daga asusunsa na DJI a gabanka, ka shigar da naka. Wanda ya ce ya manta lambar sirri ko asusun na wani ne, ka bar masa kayansa, don ba ka san ta inda ya fito ba. Na biyu, wayarka. DJI Fly ba ta cikin Play Store, a shafin kamfanin ake sauke ta, kuma tana buƙatar Android mai 64-bit. Ƙananan wayoyi da yawa da ke hannun mutanenmu ba sa ɗaukarta. Ku sauke ta ku buɗe tun kafin ku fita neman jirgi.

Ban biya ba sai da ya tashi a gabana. Muka fita fili, muka jira ya kama taurarin ɗan'adam har manhaja ta ce ta yi rajistar wurin tashi. Ya tsaya a tsayin mutum biyu, aka saki sandunan rimot, bai zame ba. Aka tura shi nesa kaɗan aka danna maɓallin komawa gida, ya dawo ya sauka kusa da inda ya tashi. Na bar batir ɗaya ya yi ƙasa ina kallon yadda lambar ke sauka, ko a hankali ko da tsalle. Minti 31 da aka rubuta lissafin sabon batir ne a inda babu iska; idan na hannu ya ba ka ashirin da 'yan kai, ka samu. Mai kayan da ya ƙi yarda a tashi jirgi kafin a biya, ko wanda ke cewa a turo kuɗi ya sa a mota, ba na ciniki da shi.

Maganar doka kuma kada a yi mata sakaci. Giram 249 ɗin nan an yi shi ne don dokokin ƙasashe irin su Amurka, inda mai tashi don nishaɗi ba ya buƙatar rajista idan jirginsa bai kai giram 250 ba. Wannan dokarsu ce, ba tamu ba. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma a farkon 2025 rundunar sojin Haɗin Kai ta haramta tashinsu a Arewa maso Gabas. A tuntuɓi hukumar a ji abin da ake ciki yanzu. A Kano kuwa filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, unguwanni da yawa suna ƙarƙashin hanyar saukar jirage. Barikin soja da ofisoshin tsaro ko kusa kada a je.

Akwai wata dokar da ba a rubuta ba, wadda ni ta fi damuna. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take. Mata suna girki, suna wanki, suna zaune ba mayafi, don sun san katanga ta kare su. Jirgi mai kyamara yana tsallake katangar nan cikin daƙiƙa ɗaya. Ko ba ka ɗauki komai ba, wadda ta ɗaga kai ta gan shi ba ta san haka ba, kuma tana da gaskiya idan ranta ya ɓaci. Ban tashi a cikin unguwa ba, kuma ba zan yi ba. Ina roƙonku ku ma ku kiyaye.

Atisayena a wata gona nake yi a bayan gari, da izinin mai ita, da sassafe kafin iska ta taso. Ina shimfiɗa kwali in tashi daga kansa, don farfela tana tayar da yashi ya shiga injina da gimbal. Rimot ɗin yana kan C, wato tafiyar hankali, ban taɓa S na gudu ba tukuna. Tashi, tsayawa, murabba'i, sauka. Shirwa takan zo ta yi ta kewaya shi, idan na gan ta sai in sauko in jira. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantata, don a lokacin hagunsa damata ce, kuma yatsa yana so ya bi ido. A kan wannan nake yanzu. In hannuna ya faɗa da shi, in Allah ya yarda, zan koma kan saitin hasken kyamara a cikin hazo, don hotunan da na ɗauka zuwa yanzu sararin samaniyarsu fari fat yake fitowa.