Wace bindiga zan rubuta a takardar?

A Birtaniya ba a ba mutum lasisin bindigar raifal (doguwar bindiga mai harba harsashi guda) a buɗe, a ce ya je ya sayi wadda ransa ya so. Tun a takardar nema kake jera irin bindigogin da kake so da girman harsashin kowace, kuma kowace sai ka kawo mata dalilin da 'yan sanda za su gamsu da shi. Abin da suka amince da shi ake bugawa a jikin lasisin, mu masu shago kuwa ba mu da ikon miƙa maka komai sai abin da ke rubuce a wurin. Shi ya sa rabin aikina a ɗan shagon da nake da shi a kudancin Ingila ba ciniki ba ne. Zama ne da mutanen da ko lasisin ba su samu ba tukuna, sun zo da takarda a hannu, tambayarsu ɗaya: me zan rubuta?

Sana'ar tawa ƙarama ce. Ina da rajistar dillalin bindigogi daga 'yan sanda, ina sayar da bindigogin wasan harbi, sababbi da na hannu, da harsasai, da madubin saiti, da kabad ɗin ƙarfe na ajiya. Ina kuma yin ƙananan gyare-gyare. In na je gida na faɗi abin da nake yi, sai a yi mini wani irin kallo, don a wajenmu yanzu in an ambaci bindiga ba wasa ke zuwa wa mutum a rai ba. Nan kuwa abokan cinikina tsofaffi ne 'yan fansho, da ma'aikatan ofis, da ɗalibai, duk burinsu su huda takarda a tsakiya daga nesa.

Kafin a zo maganar zaɓi, akwai hanyar da kowa ke bi. Dokar bindigogi ta 1968 ita ce uwa, ita ta ce sai da dalili mai kyau. Ga mai harbin allo, dalilin shi ne zama cikakken ɗan kulob ɗin harbi da Ma'aikatar Cikin Gida ta amince da shi. Kulob ba ya karɓarka kai tsaye, sai ka yi zaman gwaji na aƙalla wata uku, da yawa ma wata shida suke sa wa. A wannan lokacin da bindigogin kulob kake harbi, ana kallonka, ana rubuta zuwanka. Bayan nan sai mutum biyu da suka san ka shekara biyu, waɗanda ba danginka ba, su tsaya maka. Tun watan Nuwamban 2021, bayan harbin da aka yi a Plymouth, sai kuma da takardar likita. Kuɗin lasisin ya tashi daga fam 88 zuwa fam 198 a watan Fabrairun 2025, kuma shekara biyar yake yi.

Wasu abubuwan ba ma sai an ɓata tawada ba. Bayan kisan Hungerford na 1987 aka haramta manyan bindigogi masu ɗura kansu da kansu. Bayan na makarantar Dunblane a 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, dokokin 1997 suka kawar da kusan duk ƙananan bindigogin hannu a Ingila da Wales da Sikotilan. Saboda haka wanda ya shigo yana tambayata fistol irin ta fim, hirar ba ta daɗewa.

Sauran masu zuwa da takarda kuma kashi biyu ne. Akwai mai zumuɗi, ya kwana yana kallon bidiyo, ya zo da jerin bindigogi shida ko bakwai, har da wadda ake harbin yadi dubu da ita. Akwai mai tsoro, wanda wani ya gaya masa wai in ya nemi fiye da ɗaya za a hana shi baki ɗaya, sai ya rubuta .22 guda (lambar girman harsashi ce, wannan ƙarami ne) ya yi shiru. Dukansu ina yi musu tambaya ɗaya: filin kulob ɗinku, wane harsashi aka yarda a harba a cikinsa, kuma nisansa nawa?

Nan ne maganar take. Kowane filin harbi yana da iyakar ƙarfi da saurin harsashin da zai iya ɗauka, kuma jami'in 'yan sandan da zai zo gidanka ya binciki takardarka ya san wannan sarai. In kulob ɗinku ɗaki ne mai tsawon yadi 25, ka rubuta babban harsashi irin .308, tambayar farko da zai yi maka ita ce a ina za ka harba ta. In ba ka da amsa, ya soke ta, kuma ka nuna masa ba ka san abin da kake yi ba. Amma in kulob ɗinku yana zuwa Bisley, babbar cibiyar harbi a Surrey, inda filin Century ke kai yadi 600, Stickledown kuma yadi 1200, kuma littafin kulob ya nuna ka je ka harba, to .308 ɗinka tana da ƙafar tsayawa. Doka ba ta yanke adadi ba. Dalili ake nema, kowace da nata.

Ni dai shawarata ba ta cika canzawa ba: .22 ta fara shiga takarda. Ba ta da ƙara sosai, ba ta dukan kafaɗa, kusan kowane kulob yana karɓarta, kuma bututunta sai mutum ya gaji da ita bai cinye shi ba. Uwa uba, harsashinta araha ne. Kuɗin kwalin hamsin na .22 na yau da kullum ba zai saya maka goma na .308 ba. Sabon maharbi abin da yake buƙata shi ne yawan harbi, ya koyi numfashi da jan kunama da karanta iska, wannan kuwa ba ya samuwa ga wanda duk harbi ɗaya sai ya ji shi a aljihu. Sayen babbar bindiga kamar sayen doki ne, kuɗin sayen ba shi ne abin ji ba, harawar kullum ce. Wanda kulob ɗinsa ke yin harbin kwance da na sauri duka, nakan ce ya nemi .22 biyu: mai sakata (wadda ake ɗurawa da hannu bayan kowane harbi) irin CZ 457 ko tsohuwar Anschütz, da mai ɗura kanta irin Ruger 10/22, don a wannan ƙaramin harsashin doka ba ta hana ba. Aikinsu daban ne, jami'i ma ya san haka.

Ta gaba ita ce wadda ka riga ka taɓa a kulob ka ji ta kwanta maka. A filin gajeren zango yawanci .38/.357 ce, irin Marlin 1894. A dogon zango .223 ko .308. Matasa yanzu 6.5 Creedmoor suke kira, kuma gaskiya tana tafiya da kyau a iska, sai dai tana cin bututu fiye da .308, kuma ba a shiga gasar gargajiya ta Bisley da ita. Akwai kuma masu son tsohuwar Lee-Enfield .303 don tarihinta. Ba na hana kowa, amma sai na tambaya ko ya taɓa harba ta.

Wani yaro ɗan wajenmu da ke aiki a nan ya taɓa ce mini, “Kawu, kai fa mai shago ne, ya kake rage mini jerin?” Na ce masa, “Ɗana, riba ba a bindigar take ba.” Abin da ake samu a kan sabuwar bindiga kaɗan ne. Wanda ke riƙe shago shi ne mutumin da ke dawowa duk wata ya sayi harsashi da man gogewa, shekara da shekaru. Wanda ya kwashi biyar a wata ɗaya, ya tarar ba shi da lokaci ko kuɗin harba su, shi ne zai dawo mini da su in sayar masa a kan asara, daga nan kuma ba na sake ganinsa. Ga shi jagorar Ma'aikatar Cikin Gida tana sa ran a yi amfani da kowace bindiga a kai a kai, kamar sau uku ko fiye a shekara. Kulob yana rubutawa, ranar sabunta lasisi kuma za a buɗe littafin.

Mai tsoron nan shi ma ba na barinsa haka. In ka rubuta ɗaya tak, bayan wata huɗu ka ga kana son ta biyu, sai ka sake cike takarda, ka biya kuɗi (fam 47 ne a 2025), ka zauna jira, wasu rundunonin kuwa jiransu ba kaɗan ba ne. Musanya ɗaya da ɗaya, wato ka rabu da wata bindiga ka sa wata a madadinta, shi ne kawai ba a biya. Gurbin da aka ba ka a lasisin, wato izinin sayen wata bindiga, ba dole ka cike shi a makon farko ba, don haka wadda ka tabbata za ka saya cikin shekara ɗaya ko biyu, sa ta tun yanzu.

Sai ƙananan abubuwan da ke ba mutane wahala a gaban kantata. Kada ka rubuta sunan kamfani, rubuta girman harsashi da irin bindigar, don in ka ɗaure kanka da suna ɗaya ka zo babu ita, ka shiga uku. Lasisin yana kuma faɗin yawan harsashin da za ka iya ajiyewa. Shi .22 a dunƙule yake zuwa, ɗari biyar-biyar, to wanda ya nemi ɗari biyar cif ba zai iya sayen sabon dunƙule ba sai na gida ya ƙare tas. Nemi abin da ya ɗara haka. Kabad kuma sayi wanda ya fi buƙatarka ta yau, don wanda aka ce na bindiga huɗu ne, da zarar an ɗaura musu madubi, uku ma da ƙyar. A kafe shi a bango kafin jami'i ya zo, makullin kuma ko mai ɗakinka bai halatta ta san inda yake ba.

Ranar da lasisin ya iso, mutum ya zo da kansa, don ba a aika bindiga gida. In duba hoto, in duba gurbin, in rubuta lambar bindigar a jikin lasisin, ni da shi kowa ya sanar da 'yan sanda cikin kwana bakwai. Kafin wannan ranar ba na karɓar cikakken kuɗin kowa. Wanda ya ga ta hannu ya ƙyasa, nakan karɓi ɗan kafin alƙalami in ajiye masa ita a ɗakin ajiya, da sharaɗin in 'yan sanda suka soke wannan gurbin, ya zo ya karɓi kuɗinsa, bindigar ta koma kan kanta.