Saƙar Kwarashi da Katin Gaisuwa na Kirsimeti

Daga tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Jos, yawancin masu saƙar kwarashi kan koma kan hula da safa da rigar sanyi ta jarirai, domin su ne ake nema a kasuwa. Ni kuwa a daidai wannan lokaci nakan ajiye zaren ulu mai kauri, in ɗauko siririn farin zaren auduga, in shiga saƙa ƙananan kayan ado waɗanda za a rataya a ɗaki ko a jikin bishiyar Kirsimeti, da waɗanda zan ɗinka a kan katin gaisuwa in aika wa 'yan'uwa da maƙwabta. Mata da yawa kan tambaye ni yadda ake saƙa su, amma a ganina saƙar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Abin da ke bambanta tauraron da ya miƙe ƙyam da wanda ya yi laushi ya lanƙwashe shi ne abin da aka yi masa bayan an yanke zare, wato sitaci da fil da haƙurin jira ya bushe.

Duk da haka, da zare ake farawa. Zaren ulu da ake sayarwa a dunƙule a wajen masu kayan ɗinki na kasuwar Taminus ta Jos yawancinsa na roba ne, kuma yana da kyau ga rigar sanyi, amma ba ya shan sitaci, kuma idan dutsen guga mai zafi ya taɓa shi sai ya narke. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne zaren auduga mai lamba 10, irin mai sheƙi ɗin nan, tare da kwarashin ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 1.75. A zaren auduga, duk yadda lamba ta ƙaru sirancinsa ke ƙaruwa, saboda haka mai lamba 20 ya fi mai lamba 10 siranta, kuma ba na ba sabuwar mai koyo shawarar ta fara da shi. Sheƙin nan kuwa yana da asali. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ne ya gano a shekarar 1844 cewa idan aka jiƙa auduga a ruwan soda mai ƙarfi takan ƙara ƙwari kuma ta fi karɓar rini, daga baya kuma aka gano cewa idan an ja zaren ya miƙe a lokacin jiƙawar sai ya fito da ƙyalli. Irin wannan zare ba ya tashin gashi, don haka ramukan saƙar kan fito tsaf.

Tauraro mai tsini biyar shi ne abin da na fi saƙawa, kuma shi nake koya wa kowa da farko. Ana yin sarƙa biyar a haɗa bakinta ta zama zobe, sannan a cika zoben da doguwar saƙa guda goma sha biyar, wato irin wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kan kwarashi kafin a soka. Daga nan sai a yi sarƙa biyar, a juyo a kanta da saƙa huɗu, ta farko gajeriya, kowace mai bi mata ta fi ta tsawo, sannan a tsallake ido biyu na zoben a ɗaure a na uku. Tsini ɗaya ya samu ke nan, kuma da yake goma sha biyar ta rabu gida biyar daidai, idan an zagayo za a tarar da tsini biyar ba ragi ba ƙari. Wadda hannunta ya saba ba za ta kai rabin sa'a a kansa ba.

Ƙwayar dusar ƙanƙara ta fi shi neman natsuwa. A nan Filato ƙanƙara muka sani, wadda kan zubo a farkon damina ta farfasa ganyen shuka, dusar ƙanƙara kuwa sai dai a hoto. Amma siffarta ta dace da farin zare ƙwarai, shi ya sa ba na jin wani nauyi wajen aro ta. Sharaɗina ɗaya ne, a yi mata reshe shida. Tun a shekarar 1611 masanin taurarin nan na Jamus, Johannes Kepler, ya rubuta ɗan littafi yana tambayar dalilin da ya sa kullum take zuwa da kusurwa shida, kuma daga baya masana suka gano cewa haka ƙwayoyin ruwa ke jeruwa idan sun daskare. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hotonta ta madubin ƙara girma a 1885, ya kuma bar hotuna fiye da 5,000, waɗanda har yau masu zana salon saƙa ke dubawa. Don haka idan na ga an saƙa mai reshe biyar ko takwas, nakan ce fure ne mai kyau, amma ba ita ba ce. Hanyar da nake bi ita ce zobe na sarƙa shida, doguwar saƙa goma sha biyu a cikinsa, sannan madaukai shida na sarƙa biyar biyar, a kan kowane madauki kuma a fitar da reshe mai 'yan ƙulle-ƙulle uku a bakinsa.

Akwai tarko ga mai bin salon da aka rubuta da Turanci. Mutanen Amurka da na Ingila suna amfani da sunaye iri ɗaya ga saƙa daban-daban, ta yadda sunan da ɗan Ingila ke kiran gajeriyar saƙa da shi, da wannan sunan ɗan Amurka ke kiran doguwa. Wadda ba ta lura da ƙasar da salon ya fito ba za ta ga abin nata ya tattare ko ya baje fiye da kima. Zanen alamomi, inda ake nuna sarƙa da ɗan da'ira, doguwar saƙa kuma da sanda mai gicciye, ya fi aminci, domin ba ya bukatar wani harshe.

Idan abin ya sauka daga kan kwarashi, ba shi da wani fasali, rassansa a murɗe suke, ramukansa a rufe. A nan ne ainihin aikin yake. Nakan dama cokali ɗaya na garin sitaci, na rogo ko na masara, a cikin rabin kofi na ruwan sanyi, in ɗora a wuta ina juyawa har ya yi kauri ya washe, kamar yadda ake dama koko. Idan ya huce sai in tsoma saƙar a ciki, in bar ta ta sha sosai, sannan in matse ta a tsakanin yatsu ba tare da murɗawa ba, in goge abin da ya toshe ramuka da tsumma mai tsabta, domin sitacin da ya bushe a cikin rami yakan bar wani farin yanar da ke ɓata kyan aikin. Wasu na amfani da ruwan sukari, kuma gaskiya yana sandarar da zare, amma kiyashi ba ya barin sa, kuma da damina ta shigo sai ya yi danƙo. Farin gam na kafintoci da aka surka da ruwa rabi da rabi ya fi su duka ƙarfi da daɗewa, sai dai abin da aka sa wa gam ba ya wankuwa, alhali na sitaci ana iya wanke shi a sake shanya shi a shekara mai zuwa. Saboda ƙurar da muke fama da ita, sitaci na zaɓa.

Kafin a tsoma komai a sitaci, ya kamata a riga an shirya wurin shanya. A kan farar takarda nakan zana layuka uku da suka gitta juna a tsakiya, da tazarar digiri 60 tsakanin kowane reshe da na kusa da shi, ko layuka biyar da suka tashi daga tsakiya da tazarar digiri 72 idan tauraro ne, sannan in zana da'irori a kansu domin rassan su yi tsawo ɗaya. Sai in ɗora takardar a kan kwali mai kauri, in rufe ta da farar leda, in shimfiɗa saƙar a kai. Fil na farko a tsakiya yake shiga, sannan a ja reshe ɗaya a kafe shi, a koma kan wanda ke daura da shi a ɗaya gefen, a ci gaba da haka har a gama, daga ƙarshe a bi kowane ɗan ƙulli a buɗe shi da nasa fil. Ƙwaya ɗaya tana iya cin fil fiye da talatin. Dole ne fil ɗin ya zama marar tsatsa, domin na ƙarfen banza kan bar jan ɗigo a jikin farin zare, kuma wannan tabo ba ya fita. Hunturu a nan abokin aiki ne ta wani gefe, domin bushewar iska kan sa abin da aka shanya da yamma ya sandare kafin gari ya waye. Ta ɗaya gefen kuwa ƙurarsa kan manne wa jiƙaƙƙen sitaci ta mai da fari ruwan ƙasa, don haka a cikin ɗaki ake shanyawa, a kife kwando a kai. Idan akwai jan zare a haɗe da fari, a fara jiƙa guntunsa a gani ko yana zuba.

Wannan hanya ta sitaci ce ta ba ni damar yin dagin Arewa, wanda saƙa shi kai tsaye ke da wuya. Nakan yi doguwar sarƙa, in bi ta da gajeriyar saƙa ta zama igiya, in tsoma ta a sitaci, sannan in bi zanen dagin da ita a kan kwali, ina ɗora wani sashe a sama ina cusa wani a ƙasa, ina kafewa da fil. Shi ne abin da maƙwabtana Musulmi suka fi so a kan katin sabuwar shekara.

Katin gaisuwa irin na kasuwa a Landan ya fara, a shekarar 1843, lokacin da Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa hoton iyali suna biki, a gefe da gefe kuma ana ciyar da mabukata ana tufatar da su. An buga guda 1,000, aka sayar da kowanne sule ɗaya, shekara uku bayan an fara aika wasiƙa da kobo ɗaya a Ingila. Ita ma saƙar kwarashi a wannan ƙarni ta bazu a Turai, kuma a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yawa da ita suka ciyar da gidajensu, suna saƙa leshi ana kai wa ƙasashen waje. Har yau kuwa, duk da injinan da ke saƙa rigunan sanyi, ainihin abin da kwarashi ke yi hannu ne ke yin sa.

Nawa katin daga takarda mai kauri nake yanka shi, irin mai nauyin giram 250 wadda masu buga katin biki ke sayarwa. Takardar A4 guda ɗaya idan an raba ta biyu an ninke kowane rabi, takan ba da kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8, waɗanda ke shiga ƙaramin ambulan daidai. Kafin ninkewa nakan ɗora rula in ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, domin takarda mai kauri idan an ninke ta haka kawai takan tsage a gadon baya, balle a wannan lokaci da komai ya bushe. Farin zare ya fi fitowa a kan shuɗi mai duhu, ko kore, ko ja, ko takarda ruwan ƙasa irin ta kwali.

Ba na manna saƙar da gam, saboda dalili biyu. Na farko, danshin gam kan sa takarda ta kumbura ta lanƙwashe. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a wurina, ina so wanda ya karɓi katin ya iya cire adon ya rataya. Don haka nakan huda ƙananan ramuka biyu da allura, in ɗaure tauraron ta tsakiyarsa da zare ɗaya, in ƙulla ta ciki, in bar masa madaukin ratayawa a samansa. A ciki sai in liƙa siririyar farar takarda ta rufe ƙullin, a kanta kuma in rubuta gaisuwa da hannu. Da Hausa nake rubutawa, “Barka da Kirsimeti” ko “Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya”, sannan in ƙara layi ɗaya ko biyu da suka shafi mutumin shi kaɗai, kamar tambayar jikin tsohuwa ko murnar haihuwar da aka yi a gidan. Hoton da ake turawa ta WhatsApp yana isar da gaisuwa, ban raina shi ba, amma guda ɗaya ake tura wa mutum ɗari. Katin da za a ba matafiyi ya kai Kaduna ko Kano nakan sa masa guntun kwali a cikin ambulan, domin saƙar da ta sha sitaci tana karyewa idan an danne ta a jaka.

Wajen ratayawa, farin zaren ɗinki ya isa, kuma idan babu bishiya ana iya jera taurari a kan igiya ɗaya a ɗaura a saman ƙofa ko taga. Abin kiyayewa shi ne wuta, domin auduga mai sitaci tana kamawa nan take, kuma a daren da aka ɗauke lantarki kyandir ake kunnawa, don haka kada a rataya komai a saman inda ake ajiye shi. Idan biki ya wuce, a farkon Janairu nakan sauke su in kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi, in jera su a kwance a cikin gwangwani mai murfi da takarda a tsakanin kowane biyu, domin danshin watan Agusta na Jos yana sassauta sitaci, kyankyaso kuma yana cin sa.